Jakin Majigi da Damin Iri

A Tudun Ɗinya, can tsakanin Bici da Ɗanbatta, inda gonar wani ke ƙarewa a bakin zauren wani, akwai wani magidanci, Badaru, wanda tunda aka san shi ba a taɓa yi masa tambaya ya ce bai sani ba. In ana zancen jirgin sama, ya san direban. In ana zancen ciwon hanta, ya taɓa gyara wa likita kuskure. Bokonsa bai wuce firamare ba, amma in ya turo hula gaban goshi ya ce “a bincikena,” baƙo sai ya gyara zama. Mu 'yan gari kuwa mun saba, sai mu ci gaba da abin da muke yi.

Shekarar da wannan abu ya faru, ba mai son tuna ta. Daminar baya ta ɗauke da wuri, kayan masarufi sun yi tashin da ba a taɓa gani ba, kafin bazara ta yi nisa gidaje da yawa sun koma kwaɗon rama da tafasa, shi ma sau ɗaya a yini. A rumbun Badaru saura 'yan dammunan ci, sai wani dami babba da aka ɗaure da jan tsumma aka jingine gefe. Wannan shi ne damin iri. Gero ne na gidansu mai saurin nuna, kakansa ya bar wa ubansa, ubansa ya bar masa. Matarsa Larai ba abin da take tsaro a duniya kamar damin nan, don ta san a irin wannan shekara wanda ya rasa iri ba mai ba shi ko cikin tafi.

Wata rana da hantsi aka taru a rumfar Kamilu mai cajin waya, ana kallon wani tsohon katun na baƙi da fari, duk ya yi ɗige-ɗige saboda tsufa. Jaki ne sanye da malafa, yana taka rawa da ƙafa biyu, yana satar gyaɗa a buhu. Kamilu ya ce wanda ya turo masa ya ce irinsa ake haskawa a majigi tun zamanin Turawa. Badaru ya kutsa kai tsakanin kafaɗun mutane, ya ƙura ido.

“Wannan jakin ai kamar na kakana Muhammadu Sani. Ku dubi kunnen.”

Taubashinsa Mati na zaune a benci yana ɓare gyaɗar da ba ta fi a ƙirga ba. Ya ce, “Kai da aka haife ka kakan ya daɗe a ƙasa, ina ka ga kunnen jakinsa?”

“Abin gado a jiki ake jin sa. Kai me ka gada ban da surutu?”

Aka yi dariya aka watse, Badaru ma ya manta ya yi maganar. Mati ne bai manta ba. Ranar kasuwar Ɗanbatta ya ba direban motar da ya shiga labarin don a yi nishaɗi. Direban, Umara, ya je gida ya ba ƙanensa. Ƙanen nan kuwa ba shi da aiki sai yin saƙon murya yana watsawa a waya. Kafin wata kasuwar ta zagayo, sai ga saƙo ya sauka a rumfar Kamilu, muryar wani tsoho tana rawa tana cewa: “Jama'a, ko kun san katun na farko a duniya a ƙasar Kano aka samo shi? Wani Bature ne ya ga jakin wani bawan Allah, Muhammadu Sani, a Tudun Ɗinya, ya zana shi ya tafi da shi. Ku tura wa 'yan uwa.”

Badaru ya miƙe har benci ya kife. “Kun ji ko! Mutumin nan bai san ni ba, ban san shi ba, ga shi har sunan kakana! Kamilu, sake kunnawa.”

Aka sake. Aka kuma sakewa, har mai wayar ya zo ya karɓi abarsa.

Ba a daɗe ba dagaci ya aika aka kira shi. Wani malamin kwaleji a Bici, Malam Abdussalam, wanda ke tattara tarihin majigi da katun ɗin da aka riƙa nunawa a ƙauyuka, ya ji saƙon. Zai zo da na'urar ɗaukar magana, abin da ya samu kuma za a sa a rediyo. Amma ya ce yana son shaidu ingantattu.

Badaru ya ce, “Ranka ya daɗe, an gama. In magana ta shiga rediyo, Turawa za su ji. In sun ji, za su zo ganin inda jakin ya taka. Bature kuma ba ya bin hanyar burji, sai an zuba kwalta. Kwalta in ta zo, wuta na biye da ita.”

Dagaci, wanda shi ma rabonsa da tuwo mai kauri an kwana biyu, ya shafa gemu. “In ta tabbata, rawanin Sarkin Tarihi naka ne.”

Daga fada Badaru bai tsaya ko'ina ba sai gida, yana tafe yana gyara rawanin da ba a naɗa masa ba.

To, yaya za a gane mai gaskiya da maƙaryaci? Nan ne Badaru ya fito da hikimarsa. Ya ce a bincikensa maƙaryaci ba ya shan fura lafiya. In ya faɗi ƙarya ya kai ludayi baki, dole ya ƙware, don maƙogwaron da ƙarya ta bi ya riga ya karkace. Saboda haka duk wanda ya zo ba da shaida, zai faɗi abin da ya sani, a miƙa masa ƙwarya. In ta wuce salin-alin, maganarsa ta inganta.

Ya fara da Gwaggo Hure, ƙanwar ubansa, wadda ba wanda ya kai ta shekaru a garin. Ya sa Larai ta kirɓa fura, ya ɗauka da kansa ya kai mata ɗaki.

“Gwaggo, kin ga majigi?”

“Sau ɗaya, ina ƙarama. Aka haska bango, wani ƙato ya fito yana tari, na tsorata na gudu gida.”

“Jakin fa? Mai malafa?”

“Wane jaki?”

“Na Kaka.”

“Baba bai taɓa mallakar jaki ba, Badaru. Taki ma a ka yake kai shi gona, in ya yi yawa ya ari na maƙwabta.”

Badaru ya ɓata rai, ya tura mata ƙwarya. “To sha mu gani.”

“Yau Alhamis, azumi nake yi. Kai wa yara, su ne ke kwana da yunwa.”

Ya fito yana kaɗa kai, ya shaida wa majalisa cewa tsohuwar ta guje wa gwaji, don haka maganarta ba abin dogaro ba ce. Ya ƙara da cewa dama mai gudu daga majigi ba ta cancanci a tambaye ta majigi ba.

Labari ya bazu cewa a zauren Badaru ana ba da fura ga duk wanda ya tuna jakin. Kai, ranar aka ga ikon Allah. Garin da jiya ba wanda ya san da wani jaki, yau kowa ya tuna shi. Na farko Malam Hadi ne, dattijo mai farin gemu har ƙirji. Ya ce da idonsa ya ga Baturen zaune a gindin ɗinya yana zane, jakin kuma fari ne tas. Aka miƙa masa ƙwarya. Ya yi bisimilla, ya riƙa kurɓa a hankali kamar mai shan magani, bai ɗago ba sai da ya ga gindinta. Ko tari bai yi ba.

“Ingantacce!” in ji Badaru.

Bayansa Basiru tela ya shigo, wanda ko furfura ɗaya ba ta fito masa ba. Ya ce jakin baƙi ne wuluk.

Mati na bakin zaure. Ya ce, “Basiru, lokacin ko babarka ba a haifa ba.”

“Kakata ce ta gani. Amma yadda take ba da labarin, wallahi kamar ina wurin.”

Shi ma fura ta wuce lafiya.

Mati ya ce, “To, Sarkin Tarihi, wannan ya ce fari, wancan ya ce baƙi, kuma ba wanda ya ƙware. Wa ya yi ƙarya?”

Badaru ya dube shi da tausayi. “Jahilci bai yi ba. Katun ɗin wane launi ne? Baƙi da fari. Duk gaskiya suka faɗa, kowa gefen da ya tsaya ya gani.”

Daga nan abu ya wuce gari. Mutanen ƙauyukan kewaye suka riƙa zuwa da sassafe suna yin layi a jikin danga. Wani ya ce shi ya riƙe wa Baturen igiyar jakin. Wani ya ce ubansa ya saƙa malafar. Wani ya rantse jakin yana jin Turanci, in an ce ya zauna sai ya zauna. Akwai wanda ya zo da jar hula, washegari ya dawo da baƙa, ya ba da wani labarin dabam. Da Mati ya nuna shi, Badaru ya ce ai wannan shaida biyu ke nan a jikin mutum ɗaya, abin da ba kowane mai bincike ke dacewa da shi ba. A duk faɗin ƙasar nan ba a sami mutum ɗaya da ya ƙware ba. Mai yunwa in ya sami fura ya san yadda zai lallaɓa ta.

Cikin gida kuwa turmi bai huta ba, hannun Larai duk ya yi kanta. Wata safiya ta tare shi a tsakar gida, taɓarya a hannu.

“Malam, dammunan ci sun ƙare.”

“To ai akwai mai jan tsumma.”

“Wancan iri ne.”

“Iri ba gero ba ne?”

“Gero ne, amma ba na baki ba ne. Ga gabas ta fara haɗa gira, ruwa ko yau ko gobe. In ka taɓa shi me za mu shuka?”

“Ke ba kya hango nesa. In kwalta ta zo, tirela za ta sauke mana irin zamani a ƙofar gida, mai zangarniya kamar cinyata.”

“Tirelar wa?”

“Ta Turawa.”

“Wane Baturen ka yi magana da shi?”

“Maganar ba ta kai nan ba tukuna. Tana hanya.”

Larai ta ajiye taɓarya. Tsoro ne ya kama ta sosai, irin na uwa mai 'ya'ya ƙanana, har muryarta ta sauya. “Malam, na daka maka na ci, ban ce komai ba, yarana suna kallo ƙatti na shanyewa. Wannan kam hannuna ba zai taɓa shi ba. In kana so ka sake ni, sake ni, amma damin nan ba zai shiga turmina ba.”

Ba ta tsaya nan ba. Ta ɗauke tsanin rumbu ta kai gidan maƙwabta ta ce a ɓoye mata.

Badaru ya nuna kamar ya haƙura. Amma saƙo ya riga ya zo cewa Malam Abdussalam na tafe ranar Asabar, kuma Badaru ya yi wa dagaci alkawarin za a yi gwajin fura a bainar jama'a, baƙo ya gani da idonsa. Ranar Juma'a, da Larai ta tafi barkar haihuwa bayan gari, ya kife turmi a gindin rumbu, ya ɗora kujerar tsakar gida a kai, ya hau, ya ture murfin ciyawa, ya zura ƙafa. Ya manta rumbun da ya saba shiga yana cike ne. Yanzu kuwa fayau yake. Sai ji aka yi tim, ƙura ta tashi ta baki.

Ya lalubo damin ya cilla waje. Sai fita ta gagara. Ya yi tsalle, ya kama baki, ya zame. Ya yi ta yi har ya gaji, sannan ya fara kiran sunan Mati a hankali, don kada mata su ji. Mata suka riga Mati ji. Kafin ya iso, kawuna sun jeru a kan danga.

Mati ya hau turmi ya leƙa. “Salamu alaikum. Me ake yi a ciki?”

“Bincike. Miƙo hannu.”

“An samo jakin?”

“Mati, miƙo hannu, akwai ɓeraye.”

Mati ya juya ya ga damin a ƙasa da jan tsummansa, sai dariyar ta ɗauke masa. Ya sunkuya ya rage murya. “Badaru, tsaya ka ji. Labarin nan ni na ba Umara direba a mota, don a yi dariya. Daga bakinka na ɗauka, a rumfar Kamilu. Shi ne ya zagayo ya dawo maka. Mayar da irin nan.”

Daga cikin rumbu murya ta fito da amo. “Kai taubashina ne. Tun muna yara aikinka ke nan, tsokana. A ina ka taɓa jin an kafa tarihi da maganar taubashi?”

“To ba ni furar in sha a gabanka.”

“Ba zan ɓata fura a kanka ba. Ja ni.”

Mati ya jawo shi, ya fito fari fat da ƙura, gwiwa a kurje. Ya ce wa matan da ke kan danga yana duba lafiyar ginin ne. Ya saɓi damin ya kai gidan Yakaka mai fura, ya ce a sussuke, a surfe, a kirɓa duka. Da Larai ta dawo ta ga turmi a kife da jan tsumma a ƙasa, ba ta yi ihu ba. Ta ɗauki tsumman ta shiga ɗaki, ranar ba a hura wuta a gidan ba.

Asabar da la'asar gari ya hallara a gindin ɗinya. An shimfiɗa wa dagaci darduma, an jera shaidu a tabarma bisa tsawon gemu, ga ƙorai cike da fura an rufe da faifai. Badaru ya sha babbar riga ta aro. Ya kuma sa an jawo jakin Mati, wanda ya ce a bincikensa jikan jikan wancan ne, ya ɗaura masa malafarsa ta zuwa gona. Jakin ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, yana ta karkata kai yana shinshinar bakin malafar. Can gabas hadari ya yi baƙi.

Motar haya ta tsaya, Malam Abdussalam ya fito, mutum siriri mai sanyin magana. Direban ya kashe mota ya zo ya tsuguna a gefe yana jiran ya mai da shi. Bayan gaisuwa, Badaru ya yi jawabi mai tsawo, ya bayyana gwajin fura, ya ce ko a jami'a ba a kai ga gano shi ba. A ƙarshe ya ce, “Malam, kai da ka yi karatu, faɗa musu inda aka yi katun ɗin nan.”

Malam Abdussalam ya ce, “Gaskiya ban sani ba. Shi na fito nema.”

Badaru ya juya ga jama'a yana murmushi. “Kun ji. Malamin kwaleji guda, bai sani ba. To yau zai sani.”

Baƙon ya kunna na'ura ya matsa kusa da Malam Hadi. “Baba, da idonka ka ga Baturen, ko ji ka yi?”

Malam Hadi ya dubi na'ura, ya dubi liman da ke zaune kusa da dagaci. “Wannan abin, har Kano za a ji?”

“Har inda rediyo ke kaiwa.”

“To... gani kam, ido ya tsufa. Amma na ji.”

“A bakin wa?”

“A bakin Badaru.”

Badaru ya yi wuf ya cusa masa ƙwarya. “Sha, Baba, ka nuna musu!” Malam Hadi ya karɓa ya shanye, bai ƙware ba. Ranar da ya ce ya gani ma bai ƙware ba, balle yanzu.

Aka zo kan Basiru. Kakarsa dai ba ta ce jaki ba, ta ce ta taɓa ganin majigi. Jakin a zauren Badaru ya ji shi. Mai riƙe igiya ya ce shi a layi ya ji na gabansa na faɗa. Mai jar hula ya ce a tambayi mai baƙar hula, aka duba aka ga shi ne. Kowa ya amsa sai ya miƙa hannu a ba shi ƙwaryarsa, don ba wanda ya zo nan domin rediyo. Fura na raguwa, gumi na karyo wa Badaru.

“A bar waɗannan!” ya ce. “Akwai babbar hujja. Kamilu, kunna saƙon dattijon nan. Mutumin da bai san ni ba, ban san shi ba!”

Kamilu ya haɗa waya da lasifika. Muryar tsoho ta cika fili: “Jama'a, ko kun san katun na farko a duniya...”

Direban da ke tsugune ya tuntsire da dariya har ya zauna a ƙasa. “Wallahi ƙanena ne! In ya toshe hanci sai ka ce ɗan shekara casa'in. Ni na ba shi labarin.”

Malam Abdussalam ya juyo da na'ura. “Kai kuma wa ya ba ka, Umara?”

“Wani fasinja, ranar kasuwar Ɗanbatta. Ga shi can ma, mai riƙe da jaki.”

Mati ya ɗaga hannu. “Ni ne. Ni kuma a bakin Badaru na ji, a rumfar Kamilu. Cewa ya yi kunnen ya yi kama.”

Baƙon ya juyo a hankali. “Malam Badaru, kai kuma a bakin wa ka ji?”

Wani ne da tuni ya nemi hanyar gida. Badaru sai ya turo hula gaba. “Alhamdu lillahi! Jama'a, kun ga inganci? Magana ta tashi daga nan, ta je Ɗanbatta, ta shiga waya, ta dawo nan, ko'ina ba ta yanke ba. Wane tarihi ne ya taɓa yin wannan tafiya ya dawo gida lafiya?”

Daga bayan mata aka ji muryar Gwaggo Hure. “To a ba shi furar shi ma.”

Jama'a suka ɗauka baki ɗaya. “A ba shi! A ba shi!” Dagaci ya gyaɗa kai. Aka duba ƙorai, saura ludayi ɗaya a gindin ta ƙarshe, ƙarshen damin iri ke nan. Badaru ya karɓa ya ɗaga sama yadda kowa zai gani.

“Ni Badaru, na ce jakin nan na kakana Muhammadu Sani ne!”

Ya kafa kai. Daidai lokacin aka yi wata tsawa da ta girgiza ɗinya, jakin Mati ya firgita ya saki kuka a bayan kunnensa. Fura ta bi ta inda ba hanyarta ba. Badaru ya ƙware, ya shiga tari, fura na fita ta hanci, ido ya yi ja, ya durƙusa yana dukan ƙasa. Malam Hadi, don tausayi, ya riƙa bubbuga masa baya yana cewa, “Maƙogwaron ne ya karkace, sannu.” Jakin kuwa ya samu malafar ta zamo masa baki, ya tsaya yana cin ta a natse. Na'urar baƙo na kunne, ba abin da ya wuce ta.

Dariyar ba ta yi nisa ba, don ɗigon farko ya faɗo a kan darduma, manya-manya. Ƙanshin ƙasa ya tashi. Wani ya ce, “Ruwan shuka!” Nan take fili ya watse, kowa ya nufi gida duba irinsa da sunguminsa. Dagaci ya naɗe dardumarsa da kansa, bai ce komai game da rawani ba. Malam Abdussalam ya yi wa Gwaggo Hure 'yan tambayoyi a zauren dagaci game da ƙaton mai tari, ya yi godiya, suka shiga mota.

An kwana ana ruwa. Da gari ya waye, Badaru ya bi gidajen shaidunsa neman iri. Malam Hadi ya ce nasa ko gonarsa ba zai isa ba. Basiru tela ya leƙo ta taga.

“Basiru, ko ɗan cikin tafi. Ka tuna furar da ka sha.”

“Na sha fura? Kana da shaida?”

Mati ne kaɗai ya buɗe masa buhu ya nuna masa ɗan abin da ya rage a gindin buhun, ya rantse abin da ke ciki ma surukinsa ne ya raba da shi. Wannan karon Badaru bai ce maganar taubashi ba ce.

Gonakin Tudun Ɗinya a manne suke da juna, ba inda mutum zai tsaya ba a gan shi ba. Ko'ina ka duba mai sara na gaba, mai zuba iri na biye yana rufewa da diddige. Don kada a ce, Badaru ya ɗauki sungumi ya shiga gonarsa ya kama sara, layi bayan layi, da ƙarfi, yana yi yana gaida maƙwabta kamar ba komai. Ya kusa kai ƙarshe ya waiwaya, sai ya ga Larai da Gwaggo Hure tsaye a bakin gona. Larai na riƙe da ƙwaryar shuka, ba komai a ciki sai jan tsumma.

Gwaggo Hure ta dogara sanda ta matso. “Kana neman tarihi, Badaru. Shekarar babban fari, ubanka ya ciyar da mu ganye har haƙoranmu suka yi kore. Damin nan na jingine a rumbu, muna kallonsa muna kuka, bai bari an zare zangarniya ɗaya ba. Wannan da idona na gani. Shi ne ba ka tambaye ni ba.”

Badaru ya kai hannu zai turo hula, sai ya fasa. Ramukan da ya sara sun jeru har bakin iyaka, ruwa ya fara taruwa a cikinsu. Larai ta ajiye ƙwaryar a gabansa.

“Malam, me za mu zuba?”

Ya dubi ƙwarya, ya dubi ramukan. Maƙwabta na kusa sun dakata da sara, suna saurare.

Ya ce, “Ban sani ba.”